Wayar kodles ta gida za ta iya kira ta intanet?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka daidai, yayanku da ke Ingila ne ya aiko da wayar gida mara igiya, irin wadda muke ce wa kodles, uwa ɗaya da kawuna uku, wato waɗanda ake ɗauka a hannu, kuna so a kafa ta a gidan Hajiya saboda wayar shafawa tana ba ta wahala, yau ta kashe ƙara ba ta sani ba gobe ta manta ta a ƙarƙashin filo, ga shi babu layin tarho na ƙasa a unguwar sai dai rauta mai sim. Kana tambaya ko wayar za ta yi kira ta intanet, kuma ko kiran WhatsApp zai riƙa shigowa ta cikinta.

Na farkon eh zai yiwu, kuma in an yi shi da kyau sai ya daɗe yana aiki ba wanda ya taɓa shi. Na biyun a'a, ka cire rai tun yanzu, zan zo kansa. Amma ka sani ita wayar da ke hannunka ita ce mai sauƙin a cikin lamarin, inda ake shan wuya shine lamba, da netwok, da wuta.

Fara da juya uwar wayar, wato babban mazaunin nan ba ƙananan cajojin ba, ka duba bayanta. Kusan kullum rami biyu za ka gani, ɗaya na wuta, ɗaya ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu an rubuta LINE ko an zana hoton tarho a jikinsa. Wannan ƙaramin shi ake kira RJ11, kuma in shi kaɗai ne toh wayar nan ba ta san wani abu wai shi intanet ba. Rashin igiyar da kake gani tsakanin kan wayar da uwarta ne kawai, wani rediyo ne na musamman da ake kira DECT, a Turai aka tsara shi tun 1992, yana tafiya a zangon 1880 zuwa 1900 MHz, ba wifi bane kuma ba zai taɓa ganin wifi ɗin gidanku ba komai kusancinsu. Ita uwar abin da take jira ta wancan ramin shine irin layin NITEL na da, wuta wajen bolt 48 kwance a kan waya koyaushe, da wannan ƙarar tuuu in ka ɗaga, da wata wutar mai ƙarfi da ke zuwa ta sa ta ringin in an kira. Shi ya sa a zamanin 064 ɗin Kano da 062 ɗin Kaduna tarho mai igiya yake aiki ko an ɗauke wuta, daga ofishin waya ake ba shi tasa. Wani abu kuma, kan igiyar RJ11 yana shiga ramin LAN na rauta, wato inda ake soka igiyar intanet, har ma ya yi ƙas kamar ya zauna, kuma nan mutane da yawa suke fara gwadawa. Kar ka yi. Ba abin da za ka samu sai lanƙwasa ƙananan ƙarafan gefe na ramin, ka ɓata shi a banza.

Abin da ake sawa a tsakani wani ɗan akwati ne da zai zauna a tafin hannunka, sunansa ATA. Aikinsa aikin tafinta ne, ta gefe guda yana yi wa wayar yaren layin da, ya ba ta bolt 48 ɗinta da ƙarar tuuu da ringin har ta ɗauka tsohon layi ne ya dawo, ta ɗaya gefen kuma ya yanka muryar ƙanana ƙanana ya tura wa rauta ta igiyar LAN. Waɗanda aka fi samu yanzu na Grandstream ne, HT801 mai ramin waya ɗaya da HT802 mai biyu, akwai kuma tsofaffin Cisco SPA112 da Linksys PAP2 da aka daina yi amma har yanzu suna yawo a kasuwa. In za ka saya ka tabbata ramin da ke jiki FXS ne. Akwai wani mai kama da shi sak ana ce masa FXO, shi ba ya ba da wuta, jira yake a ba shi daga layin ƙasa, in ka soka wayarka a nan shiru za ka ji. Masu kaya a kasuwa ba duka suka san bambancin ba, dan haka kai ka karanta da idonka. Sai kuma na kwatano, yawanci sun fi arha amma da yawa a kulle suke da kamfanin da ya raba wa kwastomominsa a can waje, za ka kunna komai lafiya amma shafin saiti ba zai bari ka sa naka bayanan ba, wani ma ko ka yi masa riset da zarar ya ga intanet sai ya sake janyo saitin tsohon kamfanin ya kulle kansa. Kafin ka biya ka sa a buɗe maka shafin a gabanka.

Shi ATA fanko ne sai an zuba masa asusu, kuma nan ne yawancin mutane suke tsayawa. Kiran intanet irin wannan yana tafiya ne da wani tsari da ake kira SIP, kana buƙatar kamfanin da zai ba ka abu uku, adireshin sabarsu wato kwamfutarsu da ke haɗa kira, sunan shiga, da fasawod. Su ukun nan za ka rubuta a shafin ATA ya yi rajista, in ya yi za ka ga an rubuta Registered, fitilar waya ta kama. A Grandstream in kana neman adireshin da za ka shiga shafin da shi, ɗaga wayar ka danna tauraro sau uku sannan 02, wata murya za ta karanto maka lambobin, ka rubuta su a burauza ta kwamfuta ko wayar da ke kan rauta ɗaya da shi.

Yanzu tambayar da ya kamata ku zauna ku amsa kafin a kashe ko kwabo, wa zai riƙa kiran Hajiya kuma wa za ta riƙa kira? Domin amsar ita ke nuna irin asusun. In yaranta na waje ne, hanya mafi daɗi ita ce yayanka ya yanki lambar Ingila a wurin kamfanin SIP na can, ya turo maka bayanan ka zuba a ATA ɗin da ke nan. Shi in ya kira wannan lambar kiran cikin gida ya yi daga mintocin layinsa, amma wayar a ɗakin Hajiya za ta yi ƙara, ita ma in ta kira shi kuɗin kiran cikin Ingila za a cira. Sai dai ya karanta sharuɗɗansu ko ya tambaye su kai tsaye, wasu kamfanonin ba su yarda a yi amfani da lambarsu daga wata ƙasa, wasu suna toshe duk rajistar da ta fito daga waje sai ka nemi a buɗe. Akwai kuma hanyar da ba sai da lamba ba kwata kwata, kowa ya buɗe asusu a kamfani ɗaya, yaran su sa manhaja irin Zoiper ko Linphone a wayoyinsu, kira tsakanin 'yan gida ɗaya yawanci kyauta ne data kawai yake ci. Wanda ya ɗan iya kwamfuta ma zai iya kafa tasa ƙaramar sabar da Asterisk ko FreePBX ya ba Hajiya lamba 101 ya ba kansa 102, amma ban ba ka shawarar wannan ba in ba kana son ya zama aikinka na kullum ba.

In kuwa mutanen gida ne, ƙannenta da 'yan biki da abokan zumunci masu MTN da Airtel da Glo, toh lissafi ya sauya gaba ɗaya. Kamfanin waje yana ɗaukar kiran lambar Najeriya a matsayin kiran ƙasa da ƙasa ko da kai da wanda kake kira katanga ce ta raba ku, kuma kuɗinsa ya fi na sim ɗin da ke aljihunka, su ma ba wanda zai kira lambar Ingila dan ya gaida Hajiya. Akwai kamfanonin gida masu lasisin NCC da ke ba da lambar layin girke ta SIP, irin lambobin nan da tun farkon 2024 aka ƙara musu 02 a gaba, ta Legas ta koma 0201 ta Kano 02064, amma sun fi karkata ga ofisoshi da kamfanoni. Gaskiya in rage kuɗin kiran cikin gida ake nema wannan ba hanyarsa bace. Kuma in wani ya ce zai haɗa maka akwati mai sim da yawa kiran waje ya riƙa fitowa da lambar gida, ka gudu, wannan NCC ta haramta shi.

Ga mai son kiran gida akwai wata gajeriyar hanya da ba a cika lura da ita ba. Leƙa bayan rautar taku. Wasu rautocin 4G kamar Huawei B315 da B525 suna da ramin TEL a jikinsu, ka soka kodles ɗin a nan kai tsaye ba ATA ba komai, sai ta zama wayar sim ɗin da ke cikin rautar, a kira wannan lambar ta yi ringin a duk kawunan uku. Wannan ba kiran intanet bane, kiran layi ne na yau da kullum da kati, amma ga tsohuwa sau da yawa shine ainihin abin da ake nema. Matsalarsa biyu, wasu kamfanonin da ke raba rautar sun kashe ramin a manhajar ciki ko sim ɗin na data ne zalla, sannan inda babu VoLTE, wato kiran murya ta kan 4G, da kira ya shigo rautar na sauka daga 4G zuwa 3G ko 2G har a gama magana, sai ka ji yara suna ƙorafin intanet ya tsaya duk sanda Hajiya ke waya.

Batun WhatsApp kuwa, gidansu a rufe yake, asusunka na WhatsApp ba shi da adireshin saba da fasawod ɗin da za ka ɗauka ka zuba a ATA, dan haka ba ta inda kiransa zai bi ya iso kodles. An taɓa yin wayoyin kodles na Skype, irin Philips VOIP841, mutane suka saya da tsada, tun kafin a rufe Skype ɗin kansa a watan Mayun 2025 sun riga sun zama kayan ado. Shi ya sa ni duk na'urar da ke ɗaure da manhajar kamfani ɗaya ba na sa kuɗi a kanta, SIP kuwa ko ka ɓata da wannan kamfanin gobe ka koma wancan da akwatinka. Abin da ya ɗan yi kusa da abin da kake so shine kodles masu Bluetooth, Panasonic suna kiran nasu Link2Cell, ka haɗa wayar hannu da uwar ka ajiye ta a gefe tana caji, kiran sim ya riƙa fitowa ta kawunan. Kiran layi yana yi lafiya lau. Na WhatsApp kuma ya danganta da wayar hannun, wata ta turo wata ta ƙi, wata ta yi ringin ka ɗaga ba murya, ba abin da zan ɗora tsohuwa a kai bane.

Mu dawo kan wayar taku tunda daga Ingila take. Ta wajen wuta kun huta, filogi mai ƙafa uku ne da bolt 230 irin namu. Amma igiyar layinta kan da ke shiga bango wani farin falali ne mai maƙali a gefe, irin na BT kamfanin tarhon Ingila, ba zai shiga ATA ba. Abin da mutane ke yi su yar da igiyar su sayo mai RJ11 kai biyu, wani lokaci ya yi wani lokaci shiru, dalili kuwa ba duk wayoyin can ke amfani da ƙarafan tsakiya biyu ba. Ka riƙe igiyar da ta zo da ita, yayanka ya aiko da 'yar adaftar BT zuwa RJ11, abu ne mai arha a can. Sannan a shafin ATA akwai wurin zaɓen tsarin nuna lambar mai kira, wayar Ingila ta saba da wanda aka rubuta SIN 227 BT, akwatin kuma yawanci da na Amurka yake zuwa wato Bellcore. In wayar tana ringin amma fuskarta ba lamba ba suna, nan ne, ba lalacewa ta yi ba. A kusa da shi akwai saitin SLIC inda ake zaɓen ƙasa, ka mai da shi UK, yana rage amsa-kuwwar nan da mutum ke jin muryarsa tana dawo masa.

Da daga Amurka ko Kanada aka aiko ta da maganar ta fi haka tsawo. Cajarsu da yawa bolt 120 ce kaɗai, kana sokawa a soket ɗinmu sai ƙauri. Kuma duk wadda aka rubuta DECT 6.0 a jikinta, wannan 6.0 ɗin sunan talla ne kawai, ainihin zangonta 1920 zuwa 1930 MHz, wanda a nan wajenmu ya faɗa cikin zangon da wayoyin hannu ke aika sako zuwa eriyar 3G. Kenan tana damun netwok ɗin unguwa shi ma yana damunta. Tsofaffin masu 2.4 GHz kuma da wifi suke faɗa. Duk wanda zai aiko wa gida kodles ya aiko ta Turai.

Sai netwok. Abin mamaki murya ba ta cin data sosai. Da tsarin matse murya na G.711, wanda ya fi fita tas, kira yana cin wajen kilobit 80 a daƙiƙa ta kowane gefe, wato kamar MB 1.2 a minti, awa guda ta ɗan haura MB 70, gig ɗaya ya kai ku wajen awa 14 ana hira. G.729 kuma bai kai sulusin haka ba amma murya na ɗan shaƙewa. Kaga ba yawan data ko gudun netwok bane abin dubawa, daidaituwarsa ce. Bidiyo yana tara na gaba ya ajiye shi ya sa ba ka gane sanda netwok ya yi tuntuɓe, murya kuwa ba ta jira, ƙunshin muryar da ya makara ya tafi kenan, shine kake jin magana na yankewa. Ma'aunin ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ya ce jinkirin tafiya ɗaya kar ya wuce milisakan 150 in ana so hira ta tafi daidai, in ya haura sosai shine za ka ji ana ta karo, kowa na cewa ina jinka, a'a fara faɗa. Abin da ya fi kashe kira a gida shine turawa ba saukewa ba, wani yana ɗora bidiyo a status ko waya tana kwashe hotuna zuwa ma'ajiya, sai can ɓangaren su ce ba sa jin Hajiya alhali ita tana jinsu sarai. In rautar tana da QoS, wato saitin fifita wata na'ura a kan sauran, ka ba ATA fifiko, in babu toh a ja wa yara kunne. Kuma ATA da igiya ake haɗa shi da rauta, kar a ce za a bi ta wata na'urar ƙara wifi.

Ga wanda ya fi ba mutane ciwon kai, kuma ina so ka karanta shi da kyau domin kusan tabbas za ka gamu da shi. Layukan data na sim, har da Starlink a tsarinsa na gida, ba sa ba kowane kwastoma adireshin intanet nasa shi kaɗai, mutane da yawa ake tarawa a bayan adireshi ɗaya, ana kiran abin CGNAT. In ATA ya yi magana da saba ana buɗe masa 'yar ƙofa ta amsa, in ya yi shiru na ɗan lokaci sai a rufe. Shi kuma saitin da yake zuwa da shi sau da yawa sai bayan awa guda yake sabunta rajista. Sakamakon shine ka gama haɗawa ka gwada komai na yi, ka tafi gida, da yamma yayanka ya kira ya kira ba ta shiga, amma in Hajiya ta ɗaga ta kira shi sai ta tafi, kuma 'yan mintoci bayan nan kiransa ma ya shiga. Duk sanda ka ga fita na yi shigowa na ƙi, wannan ne. Maganinsa ka kunna NAT keep-alive ya riƙa ɗan taɓa sabar duk daƙiƙa 20 zuwa 30, ka rage lokacin sabunta rajista zuwa minti 2 ko abin da kamfanin ya yarda da shi, in kuma suna karɓar TCP ko TLS ka koma kansa, ƙofarsa ta fi daɗewa a buɗe. Ɗan'uwansa kuma shine a ɗaga waya, mutum ɗaya na ji ɗayan ba ya ji, ko kira ya yanke da kansa bayan kamar rabin minti kullum a daidai wuri ɗaya. Nan ka shiga saitin rauta ka nemo SIP ALG ka kashe shi. An sa shi ne wai ya taimaka, amma a yawancin ƙananan rautoci ɓata saƙon yake yi.

Wani abin da zai iya tsorata tsohuwa, waya ta kama ringin ƙarfe biyun dare, lamba 100 ko 1000 ko 1001, a ɗaga ba kowa. Ba aljanu bane, wasu manhajoji ne da ke yawo a intanet suna ƙwanƙwasa ƙofa ta 5060 wadda SIP ke bi suna neman na'urar da aka bari sake. A bayan CGNAT bai cika faruwa ba, an fi ganinsa a layin fayiba mai adireshin kansa. Akwai saitin da ke cewa kar a karɓi kira sai daga sabar da aka yi rajista da ita, kunna shi. Fasawod ɗin shafin ma ka sauya, tsofaffin da admin suke zuwa kowa ya sani, sababbin an buga nasu a takardar ƙasan akwatin. Asusun kuma ya zama na sa-kuɗi-ka-kira ba wanda ke zarar kuɗi daga kati kai tsaye ba, domin in ɓarayi suka samu bayanan SIP kiran ƙasashe masu tsada suke yi da shi cikin dare, gara a ce abin da ke ciki kaɗai suka cinye.

Wuta. Yanzu abu uku ne dole su kasance a kunne lokaci guda, rauta, ATA, da uwar waya, ɗaya ya mutu layi ya mutu, kuma kai ɗin da ke hannun Hajiya zai ci gaba da haske da batirinsa ta ɗauka komai lafiya. Sa'ar da aka yi dukansu ba su cin wuta, a haɗe da wuya su kai wat 20. In gidan akwai inbata ko sola shikenan a sa su a layinsa. In babu, ƙaramin UPS ɗin rauta mai fitar da bolt 12 da 9 da 5 zai riƙe rauta da ATA, tunda HT801 da HT802 bolt 5 suke ci ta USB. Uwar wayar ce mai rigima, cajarta takan zo da wani bolt na daban kamar 5.5 ko 6.5, kar ka yi mata ƙiyasi, karanta abin da aka rubuta a jikin cajar, in bai dace ba gara ka nemi abin da ke ba da wutar soket ka soka cajarta ta asali. Batiran kawunan kuma AAA ne masu caji na NiMH a yawancinsu, in sun gaji a sauya da irinsu, kar yaro ya sayo na rimot a shago ya zuba a ɗora a caji, zai zubar da ruwa ya cinye ƙarafan. Kuma kar a ɗauke wa Hajiya ƙaramar wayarta mai madannai, layin nan ba abin dogaro bane ranar larura, lambar Ingila ba za ta kai ta ga 112 na nan ba.

Nisan da ake rubutawa a kwali, mita 50 a cikin gida 300 a fili, da gidajensu aka auna. Bulo da dakin mai rodi da ƙofar ƙarfe suna rage shi sosai. Sa uwar a tsakiyar gida a wuri mai ɗan tudu, ba ƙasan tebur ko bayan talabijin ba, ka ɗan raba ta da rauta kamar taku ɗaya ko biyu, sannan ka ɗauki kai ka zaga har kicin da tsakar gida kana magana ka ji inda take yankewa. Kawunan uku za su yi ringin tare kuma suna kiran junansu kyauta ko babu intanet, wannan kaɗai ma wasu gidajen yake burgewa, daga ɗaki a kira kicin. Amma layi ɗaya ne, in ɗaya na kan kiran waje sauran sai su jira.

Wanda bai riga ya mallaki waya ba, ko mai shago ko asibiti ko makaranta da ke son mutum biyu uku su yi waya a lokaci guda, ni ba zan ce ya bi ta ATA ba. Akwai uwar da aka yi ta dan intanet tun asali, ramin LAN ne a bayanta, kamar Yealink W70B ko Grandstream DP752 ko Gigaset masu IP a sunansu, akwati ɗaya ya ragu, rigimar lambar mai kira da amsa-kuwwa duk babu, kira da yawa na tafiya tare, kuma murya ta fi fita domin tana iya G.722 mai kai wa 7000 Hz, alhali duk abin da ya bi ta ramin RJ11 a wajen 3400 yake tsayawa. Kawunan da kuke da su ma watakila su yi rajista da irin wannan uwar in suna da GAP, tsarin da ke sa kan wani kamfani ya yi aiki da uwar wani, lambar sirrin haɗawa a yawanci 0000 ce, sai dai kira da amsawa kawai za ka samu, sauran abubuwa kamar jerin sunaye ba lallai su yi ba.

A naku yanayin ga yadda zan yi in ni ne. In rautar na da TEL in fara gwada shi yau, ba ya cin ko sisi, in ya yi toh mutanen gida sun samu hanya. Na waje kuma HT801 da lambar da yayanka zai yanka a can. In ana son duka biyun a waya ɗaya sai an ƙara dabara, dan uwa mai rami ɗaya layi ɗaya take ɗauka, dan haka ku zaɓi wanda ya fi muhimmanci a ba kodles, ɗayan ya zauna a ƙaramar wayarta. Ka zuba mata lambobin yaran a maɓallan kiran sauri, 1 babban yaya 2 mai bi masa haka, ka rubuta a takarda da manyan baƙi ka manna a bango kusa da caja. Ka kuma gaya mata bayan ta danna za ta ji shiru na kamar daƙiƙa 4 kafin ya fara shiga, ATA ne ke jira ko akwai sauran lamba, kar ta kashe ta ce ba ya yi. In shirun ya dame ta ka ƙara alamar # a ƙarshen kowace lambar da ka ajiye, nan take zai tura.

Ka turo hoton bayan uwar wayar da na takardar da ke ƙasanta, da na bayan rautar, in gani ko akwai TEL ɗin kafin ka sayi komai. A gaida Hajiya.